Daga Rumfa: Shamuwa, Jirgin Yaƙin da Ba a Taɓa Ƙerawa Ba

 

Tun da yara suka samu hutu, saƙonnin da ke shigowa wannan fili kusan duk kukansu ɗaya ne, wato yara da waya. Wannan ya ce ɗansa ya cinye masa data, wancan ya ce 'yarsa ba ta amsa kira sai an yi sau uku. Saƙo ɗaya ya bambanta, shi na zaɓa na wannan mako. Wata baiwar Allah ce daga Kamaru, maigidanta yana bin tirela tsakanin Ngaundere da Kuseri, sai ya yi wata bai kwana gida ba. Ta ce ɗanta ba ya kallon raye-raye, ba ya yawon dare, Islamiyya ma ba ya fashi. Abin da ya ɗaga mata hankali shi ne, kullum ta leƙa wayarsa sai ta ga jirgin yaƙi. Ya gaya mata wai shi ya ƙera shi da kansa a cikin gem, har da bama-bamai a cikinsa. Tambayarta: ta ƙwace wayar tun kafin uban ya dawo, ko ta bari?

Hajiya, kin ƙwanƙwasa ƙofar da ta dace, domin ni ma ina da irin wannan maƙeri a gidana. Autana mai shekara 16 ya yi kusan wata biyu a kan jirgi guda. Ni kuwa ba na yanke wa kaya farashi ban kwance bakin buhu ba, don haka na sa shi ya nuna mini komai, dare uku a jere bayan isha'i. Abin da na gani, da abin da na sani na tarihin irin waɗannan jirage, shi zan shimfiɗa miki, ke da sauran iyaye.

Sunan gem ɗin SimplePlanes. Wani ƙaramin kamfani ne a Amurka mai suna Jundroo ya fitar da shi a ƙarshen 2014, ana buga shi a waya da kwamfuta. Ba irin wanda za a miƙo maka jirgi a shirye ka yi ta harbi ba ne. Fili ake ba ka wayam, da tarin kayan haɗi kamar a shagon masu kayan gyaran mota: gangar jiki gunduwa-gunduwa, fukafukai, inji mai farfela, tayoyi, tankin mai, wurin zaman matuƙi. Kai za ka haɗa, kai za ka auna. In ka gama sai ka kai shi titin tashi ka ba shi wuta. In haɗin ya yi daidai, ya tashi. In bai yi ba, ya yi ta gudu a ƙasa kamar jimina har titi ya ƙare, ko ya ɗan tashi ya wuntsila ya dawo da ka.

Jirgin da yarona ya ƙera irin na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ne, wanda tsofaffinmu ke kira yaƙin Hitila. Inji biyu, ɗaya a kowane fiffike. Hancinsa na gilashi ne, inda mai duba hanya ke zama yana kallon ƙasa. Mutum 3 yake ɗauka: matuƙi, mai duba hanya wanda shi ne kuma mai ɗaukar hoto, sai mai rediyo a baya riƙe da bindiga. A ƙarƙashin cikinsa akwai ƙofa mai ƙyaure biyu, nan ne ɗakin bom. Bayanta kaɗan ya yi wasu 'yan tagogi, ya ce nan kyamarori suke. Aikin irin wannan jirgi biyu ne: ya je ya leƙo abokan gaba ya ɗauko hoto, in ya ga abin jefa wa bom kuma ya jefa. Ɗan leƙen asiri ne, kuma mai duka. Ya shafe bayansa da fenti kalar rairayi, cikinsa kuma shuɗi-shuɗi, don wanda ke ƙasa in ya ɗaga kai ya zaci sararin sama yake gani. Har baƙin hayaƙi ya zana masa a bayan salansa don ya yi kama da abin da ya sha aiki. Gunduwa fiye da 400 ya haɗa. In ya kunna shi, wayar sai ta ɗau zafi kamar daga murhu aka ciro ta.

Babu ƙasar da ta taɓa ƙera wannan jirgi. Daga kan yaron ya fito, sai dai ya tsinci hanci a wurin wannan, jela a wurin wancan, cikin hotunan tsofaffin jirage na gaske.

Abin da ya fi tsayar da ni wasu ƙwallaye ne da gem ɗin ke nunawa a jikin jirgi lokacin haɗi. Ja yana nuna inda nauyin jirgin gaba ɗaya ya taru, mu kira shi cibiyar nauyi. Shuɗi yana nuna inda iska ke tallafar fukafukai ta ɗaga su. Akwai na uku na inda inji ke ja, amma rigimar duka tsakanin ja da shuɗi take. Ƙa'idar ita ce shuɗin ya zauna bayan jan, amma da kaɗan. In ya yi nisa can baya, hanci ya yi nauyi, jirgi ya ƙi ɗaga kai ko ka ja sandar tuƙi har ƙirji. In shuɗin ya wuce gaban ja, jela ta rinjaya, yana tashi zai miƙe tsaye ya juya ya faɗi.

Yana cikin wannan bayani na ce masa, "Kai, ai wannan lodi ne."

Ya ce, "Wane lodi kuma, Baba?"

Na ce lodin albasa mana. Shekara 30 ina tsayawa a kan 'yan dako. Duk wanda ya taɓa loda tirela daga Galmi zuwa Kumasi ya san yawan buhu magana ce, inda aka ajiye buhun ma magana ce. Ka tara nauyi a baya, kan mota ya yi sako-sako, sitiyari ya daina jin magana a kwana. Ka tara a gaba, ka kashe tayoyi, kuma ka ci tara a sikeli ko da jimillar kayanka ba ta wuce ƙima ba, domin masu sikelin kan hanya layin taya ɗaya-ɗaya suke aunawa. Ka tula shi sama kuwa, ta kwanta maka a kwanar farko. Shi ya sa direban kirki ba ya zuwa shan shayi lokacin lodi, yana nan tsaye yana faɗa da 'yan dako a kan buhu biyar.

Jirgin bom ya fi mota wahala ta wuri guda: kayansa suna raguwa yana cikin tafiya. Mai yana ƙonewa a hankali, bom kuma lokaci guda ake sakinsa. Ka ɗauka tirelarka tana tsala gudu, a ƙiftawar ido aka zare buhu 100 daga gaba. Dalilin ke nan da masu ƙira ke sa ɗakin bom da manyan tankuna dab da cibiyar nauyi, wajen saiwar fiffike, don ko da kaya ko babu, jan ƙwallon nan kada ya gusa da yawa. Yaron bai karanta wannan a littafi ba. Da farko a gaba ya sa bom ɗin, ya ƙara nauyi a jela don ya daidaita. Jirgi ya tashi lafiya lau, yana sakin bom sai ya ɗaga hanci ya wuntsila. Na ce sau nawa? Ya ce ya daina ƙirgawa. Haka ya yi ta matsar da ɗakin baya, kaɗan-kaɗan, har abin ya zauna.

Ni a wurina wannan ilimi ne, ko da a waya aka same shi. Iska ba ta karɓar na goro, ba ta kuma san ɗan wane ba. Yaro na iya kwafar amsa ya yi wa malaminsa wayo, amma fiffike ba ya cin wayo. Kuma na ga abin da ban cika gani ga yaran yanzu ba, wato abu ya lalace sau 20 mutum ya koma kansa ba tare da an tsaya masa da bulala ba. Sai dai kada mu zarce da yabo. Gem ɗin ya sauƙaƙa lissafin iska ƙwarai, wanda ya iya shi bai zama injiniya ba, kamar yadda gwanin dara bai zama sarkin yaƙi ba.

Sai kuma maganar tarihi. Al'adar masu wannan gem ce, in mutum ya gama jirgi sai ya rubuta masa labari: wa ya ƙera shi, yaushe ya fara tashi, guda nawa aka yi, wane yaƙi ya halarta, me ya sa aka jingine shi. Duk ƙirƙira. Yarona ya rubuta nasa da Turanci, shafi guda cur, a kan wata ƙasa a Turai da babu ita a taswira. Mahaifiyarsa da ta ji sai ta ce, "Au, yanzu kuma ƙarya kake koyo?" Na ce mata a'a, wannan tatsuniya ce. Ƙarya ita ce ka jera manyan albasa a bakin buhu ka cusa ruɓaɓɓu a ƙasa. Mai tatsuniya kuwa tun daga "ga ta nan" ya sanar da kai inda aka dosa, shi ma yaron a layin farko ya rubuta cewa jirgin ƙagagge ne. Inda na ja masa kunne kawai shi ne kada wata rana ya goge wannan layi, domin intanet cike take da hotunan bogi waɗanda da wasa aka fara su.

Abin da ya dame ni daban ne. Labarin duk dusar ƙanƙara ce da sunayen da harshe ba ya iya juyawa, alhali fentin jirgin na hamada ne. Na tambaye shi dalili, ya ce ai irin waɗannan jirage a can suka yi aiki, mu nan me ya haɗa mu da su? To fa, nan aka shigo fagena. Yaron da aka haifa a Kumasi, tafiyar awa kaɗan zuwa Takoradi, bai san dubban jiragen yaƙi daga Takoradi suka tashi ba.

Ga yadda abin ya faru. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗa hannun Jamus, Italiya kuma ta shiga yaƙin. Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila, ga shi kuwa tana da sojoji a Masar masu bukatar jiragen sama. Zagayawa ta ƙasan Afirka yana cin makonni masu yawa. Sai suka juyo ga tashar ruwan Takoradi, a ƙasar da tsofaffi ke kira Gwalkwas, Ghana ta yau. Ana kawo jiragen sama a cikin akwatunan katako, a wargaje, a sauke su, a haɗa su a nan, a gwada, sannan a tuƙa su ta sama har Alƙahira. Ayarin farko ya tashi a watan Satumba 1940: jirgin bom ƙirar Blenheim a gaba, ƙananan jiragen faɗa ƙirar Hurricane guda 6 a bayansa. Blenheim ɗin shi ne madugu, domin shi ke ɗauke da mai duba hanya, sauran binsa kawai suke yi.

Ku saurari zango-zangon: Takoradi, Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, Aljinaina, Alfashir, Hartum, sannan a bi kogin Nilu a gangara Alƙahira. Kusan kilomita 6,000, cikin kamar kwana 6. Wanda ya san labarin alhazan ƙafa ya riga ya gane hanyar nan. Daga Kano zuwa Hartum ai ita kakanninmu suka bi da jakuna da takarkarai, wani ya yi shekaru kafin ya ga Jidda, wasu suka zauna a Sudan har yau jikokinsu na can. Hanyar ta buɗe wa Ingila ne saboda gwamnan Cadi, Félix Éboué, baƙar fata ɗan Giyana ta Faransa, ya bi bayan Janar de Gaulle a watan Agusta 1940. Nijar kuwa tana hannun gwamnatin Vichy mai ɗasawa da Jamus, don haka matuƙa na kaffa-kaffa kada su kauce arewa. Daga 1940 zuwa 1943 jirage fiye da 5,000 suka bi ta nan. Ba duka suka kai ba, hazon hunturu da guguwar damina da rairayi a cikin inji sun ci rabonsu.

Kano ma ba ranar ta fara ganin irin wannan baƙo ba. Jiragen sama na farko da suka sauka a can, a watan Nuwamba 1925, na sojan Ingila ne guda 3 ƙirar DH.9A da suka taso daga Masar, su ma aikinsu jefa bom da leƙen asiri.

Cikin waɗanda aka haɗa a Takoradi har da ƙirar Maryland, wanda in ka ajiye hotonsa kusa da na yarona sai ka rantse wa da ƙani ne: inji biyu, hancin gilashi, mutum 3, siririn jiki. Kamfanin Martin na Amurka ne ya ƙera shi. Faransa ce ta yi odarsa, da ta faɗi sai Ingila ta karɓi ragowar kayan, kamar dai yadda ake yi in mai oda ya karye kaya na kan hanya. Guda 450 kacal aka yi. Bom ɗin da yake ɗauka ba shi da yawa, amma yana da gudu, sai ya yi suna a ɗaukar hoto. Irinsa ne ya tashi daga tsibirin Malta ya ɗauko hotunan tashar Taranto, inda Italiya ta tara manyan jiragen ruwanta na yaƙi, kafin harin da aka kai musu a daren 11 ga Nuwamba 1940. Wanda ya fi shahara a wannan aiki wani matashin matuƙi ne, Adrian Warburton. Irinsa ne kuma a watan Mayu 1941 ya leƙa gaɓar Norwe ya kawo labarin cewa ƙaton jirgin ruwan Jamus, Bismarck, ya bar maɓoyarsa.

Jamusawa sun san da hanyar Takoradi, kuma sun taɓa kai mata hannu. A watan Janairu 1942 jirgin bom guda ɗaya tak, ƙirar Heinkel 111, ya taso daga kudancin Libiya, ya ratsa hamada, ya saki kayansa a filin jirgin Fort Lamy ya ƙone ma'ajiyar mai. A hanyar komawa shi ma mai ya ƙare masa, ya sauka cikin rairayi. Mutanensa suka yi kwanaki suna kallon sama, sai da wani jirgin leƙen asirin Italiya ya hango su sannan aka kai musu mai. 'Yan uwa na Njamena, garinku ya taɓa shan bom ɗin Hitila.

Washegari yaron ya goge dusar ƙanƙararsa. Yanzu jirgin a akwati ya zo Takoradi, ya kwana Kano, hazo ya tsare shi kwana biyu a Maiduguri. Na gindaya masa sharaɗi ɗaya: ya rubuta labarin da Hausa ma. Nan ya gane kurensa. Yaranmu na zango bakinsu Hausa ne, amma hannunsu Turanci ko Faransanci kawai ya sani. Ya yi ta zarya wurin uwarsa yana tambayar yadda ake cewa kaza, ƙ da k suka yi ta ba shi kashi. Suna kuma na ce ya bar haruffa da lambobin nan, ya sa masa Shamuwa, tsuntsuwar da ke zuwa mana da damina ta koma kudu in rani ya shigo, ɗan ci-rani irinmu. Ba mu muka fara ba, Jamusawa ma suna da ƙaramin jirgin leƙen asiri mai dogayen ƙafafu da suka kira Storch, wato shamuwar ƙasarsu.

Yanzu ga magana mai nauyi, Hajiya, wadda na san ita ce ainihin tambayarki: bom. Ba zan ce miki ba komai ba ne. A cikin gem ɗin akwai jiragen ruwa da ayarin motoci da ake kai wa hari. Na kalli yadda abin yake: wuta ta tashi, hayaƙi ya turnuƙe, shi ke nan. Babu mutum ko ɗaya a ƙasa. Babu mai tallar kunu, babu yaron mota da ke barci ƙarƙashin tirela. Wallahi da na ga ayarin motocin nan a hamada, direbobina na tuna. Gem ɗin ya faɗi gaskiya a kan nauyi da iska, a kan wannan kuwa ya yi gum.

Mu kuma ba baƙin abin da ke faɗowa daga sama ba ne. A Rann ta jihar Borno, ranar 17 ga Janairu 2017, jirgin yaƙi ya jefa bom a sansanin 'yan gudun hijira bisa kuskure, mutane da yawa suka rasu, har da ma'aikatan agaji. A Tudun Biri ta jihar Kaduna, a watan Disamba 2023, jirgi marar matuƙi ya saki bom a kan masu taron Mauludi, hukumomi da bakinsu suka ce aƙalla mutum 85 ne suka rasu. Allah Ya jiƙansu. Masu dangi a Sudan kuwa, tun Afrilu 2023 ba sai an ba su labari ba, kuma Alfashir da Aljinaina da na lissafa a sama a matsayin zango suna cikin garuruwan da suka fi ɗanɗana kuɗarsu.

A Rann da Tudun Biri ido ne ya fara ɓata kafin hannu. An hango taro daga sama, aka karanta shi ba daidai ba. Nan ne haɗarin jirgin da ya haɗa leƙe da duka a jiki ɗaya. A yaƙin Hitila, hoton da jirgi ya ɗauko sai an sauka an wanke shi, wasu ƙwararru, da yawansu mata, su zauna a wani wuri da ake kira Medmenham a Ingila, su jera hotuna bibbiyu ƙarƙashin madubi na musamman don tsayi da zurfi su fito, su yi ta gardama a kan abin da suke gani. Ba wai wannan ya sa yaƙin nasu ya yi tsabta ba, ai ɓangarorin biyu sun ƙone birane da gangan. Amma aƙalla akwai tazara tsakanin mai gani da mai jefawa. Wanda kuwa shi ya gani shi zai jefa, daƙiƙa kaɗan gare shi, daga nisan da mutum da tururuwa ba su da bambanci.

Duk wannan na gaya wa yaron, ban rage ba. Ɗan shekara 16 ya isa ya ji. Ban yarda cewa gem zai mai da yaro mai kisa ba, mu ma mun yi bindigar kara mun harbe juna a bayan gari, ga mu yau muna sayar da albasa. Amma mutanen da gem ɗin ya kwashe daga ƙasa, sai wani babba ya mayar da su cikin kan yaro, kuma kamfanin da ke Amurka ba zai yi mana wannan aikin ba.

Saboda haka, Hajiya, shawarata kada ki ƙwace. Ki ce ya zauna ya nuna miki, ki tambaye shi ina jan ƙwallo, ina shuɗi, me ya sa wannan ke gaban wancan. In ya iya bayani, to da gaske ƙira yake yi. In kuwa jiragen wasu kawai yake saukowa da su yana harbi, wannan wata magana ce, ki rage masa igiya. Ki kuma yanka masa lokaci. A gidana ba a taɓa waya tsakanin magariba da isha'i, ranar da mota ta iso kuma yana rumfa da biro yana ƙirga buhu, ko jirgin nasa zai faɗi sau goma. Gem ɗin sau ɗaya ake saye, ƙirar ba ta cin data, a kallon bidiyon koyarwa ne kuɗi ke zurarewa, nan za ki sa ido. In maigida ya dawo, ki ce ya tambayi ɗansa yadda ake loda jirgi, shi kuma ya gaya masa yadda ake loda tirela. Kuserin da yake zuwa ma tsallaken kogi ne kawai tsakaninta da Fort Lamy ɗin da na ba da labari.

Akwai jirgi ɗaya da na ajiye wa yaron sai daga ƙarshe, shi ne Mosquito, wato sauro, na kamfanin de Havilland a Ingila. Ya fara tashi ranar 25 ga Nuwamba 1940. Kusan duk jikinsa katako ne da gam, kafintoci masu yin kujeru da kabad ne suka riƙa yin gunduwoyinsa, an kuma ƙera 7,781. Nau'insa na ɗaukar hoto ba ya ɗaukar bindiga ko ɗaya, ba ya ɗaukar bom. A ɗakin bom tankin mai aka sa, kyamarori kuma a jere a cikinsa, mutum 2 kacal, kariyarsa gudu da nisan sama. Aikin farko da Mosquito ya fita a yaƙin ma, a watan Satumba 1941, ɗaukar hoto ne.

Ban ce masa ya yi komai ba, amma kwana biyu bayan nan na ga Shamuwa ta biyu a wayar. Ya cire bom ya sa tanki a gurbinsa, ya cire bindigar baya da mai riƙe ta. Yana cire su jan ƙwallon ya zarce gaba, hanci ya yi nauyi, sai da ya matsar da kyamarori can wajen jela kafin ta yarda ta tashi. Tashin ya samu, sauka ce ta rage: in tankin na cike, tana taɓa ƙasa sai ta yi tsalle ta kauce titi. Ya ce ko dai ya ƙara faɗin tayoyin, ko ya riƙa shawagi har man ya ragu. Na ce masa a mota dai taya ake ƙarawa, domin mai kuɗi ne.

Mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu taɓa maganar canjin sefa da sidi a kan iyaka, wadda da yawanku kuka nema.